Muhawara: daga lungun Holywell zuwa wayar hannu, wa ya ci ribar sana'ar batsa a Birtaniya?

Baban Sadiq: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina son kawo wannan magana, kunya ce ke hana ni. Tun ranar 25 ga Yulin 2025 doka ta fara aiki a nan Birtaniya cewa duk shafin da ke nuna batsa sai ya tabbatar mai shiga ya kai shekara 18, ko ta katin banki, ko ta hoton fuska, ko ta katin shaida. Wanda ya ƙi, hukumar kula da sadarwa ta Ofcom na iya cin sa tarar fam miliyan 18 ko kashi 10 cikin ɗari na cinikinsa a duniya, duk wanda ya fi yawa. Ƙanina ya kira ni daga Kano yana mamaki, wai ashe Turawa ma suna hana irin wannan abu. Na ce masa ai sun haura shekara 160 suna kokawa da shi.

Tun zamanin Sarauniya Biktoriya akwai wani matsattsen titi a Landan, Holywell, dab da Strand, wanda shagunan littattafai suka cika shi, kowa kuma ya san abin da ake sayarwa a bayan kanta. Babban dillalin wurin, William Dugdale, ya sha shiga kurkuku yana fita, a can ma ya mutu a 1868. Babban alƙali Lord Campbell ne ya kai ƙudurin doka majalisa a 1857, yana kwatanta kayan titin da guba. Dokar ta ba 'yan sanda ikon shiga shago da takardar alƙali, su kwashe kaya a ƙona. Shi kansa titin an rushe shi wajen 1901 lokacin faɗaɗa hanya. Cinikin kuwa bai mutu ba, ƙaura ya yi. Abin da nake so mu duba shi ne: duk sanda doka ta toshe wata ƙofa, wa ya samu kuɗi?

Malam Na-Zariya: Wa alaikumus salam. Baban Sadiq, ban ga dacewar wannan batu a nan ba. Akwai mata, akwai samari. Abin da Allah ya haramta, me zai sa mu zauna muna karanta tarihinsa?

Baban Sadiq: Allah ya gafarta Malam, na ji, kuma ban raina maganarku ba. Amma 'ya'yanmu a ƙasar nan suke tashi, waya na hannunsu. Wanda bai san inda maciji ke kwana ba, ta ina zai toshe ramin?

Mai Kula da Zaure: Za a bar muhawarar bisa sharaɗi: babu hoto, babu adireshin shafi, babu siffanta abin da ba ya siffantuwa. Maganar doka, kuɗi da mutane kawai. Wanda ya ƙetare zan goge.

Malam Na-Zariya: To, zan saurara.

Barista: Bari in ɗora daga inda Yaya ya tsaya, don dokar 1857 ta bar wani babban giɓi: ba ta faɗi mene ne batsa ba. Sai a 1868 kotu ta cike shi, a shari'ar da ake kira Hicklin. Ɗan littafin da aka yi shari'ar a kansa ma ba na 'yan Holywell ba ne, na wasu masu adawa da cocin Katolika ne da suka ce suna tona asirin irin tambayoyin da limaman cocin ke yi wa mata. Alƙali Cockburn ya yanke cewa ba a duba niyyar marubuci, abin dubawa shi ne ko rubutun zai iya lalata tarbiyyar mai raunin zuciya da zai iya faɗawa hannunsa. Shafi ɗaya ya isa ya halaka littafi duka. Wannan ma'auni ya bi Turawan mulkin mallaka ƙasashe da dama, kotun ƙolin Indiya ba ta ajiye shi ba sai 2014.

A 1959 Roy Jenkins ya jagoranci sabuwar doka. Ta ce a auna aiki gaba ɗayansa, kuma in an nuna yana da amfani ga ilimi ko adabi, ya kuɓuta. Shekara guda bayan haka gwamnati ta gwada ta a kan kamfanin buga littattafai na Penguin saboda wani littafin marubuci D. H. Lawrence. A kotun Old Bailey lauyan gwamnati ya tambayi masu taya alƙali yanke hukunci ko za su so matansu ko barorinsu su karanta littafin. Tambayar ta kashe shi, domin yawancin mutanen da yake wa magana ba su da bara ko ɗaya, kuma uku daga cikinsu mata ne. Aka wanke Penguin a Nuwamban 1960, kwafi dubu 200 suka ƙare ranar farko. Kalmomin wannan doka ta 1959 za ku same su kusan daidai a kundin laifuffuka na kudancin Najeriya.

Ɗan Sabon Gari: Barista, ashe da littafi aka fara buɗe ƙofar? Ni na ɗauka gidajen rawa ne.

Baban Sadiq: Tare suka taho, ɗan'uwa. A unguwar Soho da ke tsakiyar Landan akwai gidan wasa na Windmill, wanda tun shekarun 1930 yake nuna mata ba sutura. A lokacin wani jami'in fada, Lord Chamberlain, shi ke tace duk wasan da za a yi a dandamali. Sharaɗin da ya sa musu shi ne mace ta tsaya cak kamar gunki, in ta motsa an karya doka. Haka suka yi ta yi har cikin yaƙin duniya na biyu, bama-bamai na sauka Landan su ba su rufe ba.

Sai ga Paul Raymond, ɗan Libapul, sunansa na yanka Geoffrey Quinn. Ya gano cewa ikon mai tacewa bai kai ga ƙungiya mai 'yan rajista ba. A 1958 ya buɗe Raymond Revuebar a matsayin kulob, ka biya kuɗin rajista ka zama mamba, ciki kuwa ba ruwan kowa da dokar tsayuwa cak. A 1961 kotu ta ci shi tarar fam 5,000, ya biya ya ci gaba. Windmill ta kasa gasa ta rufe a 1964, tace wasan dandamali kuma aka soke shi a 1968.

Na taɓa bi ta lungun, Walker's Court, ina neman yanke zuwa kasuwar titin Berwick. Mutum uku in sun jeru sun cika shi, akwai wata 'yar gada a sama da ta haɗa gini biyu. Na tsaya ina mamakin a ce daga wannan ɗan tsukin aka tara dukiyar da ta sa a 1992 wata mujalla ta kira mutumin wanda ya fi kowa kuɗi a Birtaniya. Sirrin kuwa ba rawa ba ce, gidaje ne. Lokacin da 'yan sanda suka tsananta kame a shekarun 1970, farashin gini ya faɗi a Soho, shi kuma ya yi ta saye da kuɗin kulob da na mujallu. Ya rasu a 2008, jikokinsa suka gaji unguwa. Yau masu gidajen abinci da kamfanonin fim ke biyan su haya.

Maman Hanifa: Ku yi haƙuri in katse ku. Tun ɗazu sunayen maza nake ji: alƙali, lauya, mai kulob, mai gida. Matan da suka tsaya kamar gumaka fa, ina gidajensu a Soho?

Baban Sadiq: Gaskiyarki Hajiya. Ina zuwa nan.

Maman Hanifa: Bari in zo da kaina, Baban Sadiq. Mary Millington ita ce fuskar wannan sana'a a shekarun 1970. Hotonta ya sayar da mujallu, finafinanta sun cika sinima. 'Yan sanda suka riƙa kai samame shagonta, masu haraji suka bi ta, ta shiga shaye-shaye, a Agustan 1979 ta kashe kanta tana da shekara 33. Wanda ya fi kowa cin moriyar sunanta, David Sullivan, yana nan da ransa, attajiri ne.

Sannan abin da ya fi ci mini rai ba a Soho yake ba, a teburin karin kumallo yake. Rupert Murdoch ya sayi jaridar The Sun a 1969, a Nuwamban 1970 suka fara sa hoton mace ba riga a shafi na uku. Jarida ce ta gida, uba na karantawa yara na zaune, ana barin ta a kujerar bas. Shekara 44 ana yi. Kuma har sai da aka yi dokar 2003 kafin a hana sa 'yar shekara 16 a shafin. Yarinyar da a ƙasar ba ta isa jefa ƙuri'a ba! Da 'yar majalisa Clare Short ta tashi a 1986 ta nemi a hana, 'yan'uwanta maza a zauren suka yi mata dariya, jaridar kuma ta sa ta a gaba da cin mutunci shekara da shekaru. Mata dubbai ne suka rubuta mata wasiƙun goyon baya. Ba doka ce ta kashe shafin ba. Wata mata ce, Lucy-Anne Holmes, ta fara gangami a 2012, mutane suka yi ta sa hannu, zamani ya juya, jaridar ta daina a Janairun 2015.

Ɗan Sabon Gari: Tsaya Hajiya, wane David Sullivan? Na West Ham?

Maman Hanifa: Shi fa.

Ɗan Sabon Gari: Innalillahi. Shekara nawa muna kallon su a gidan kallo, kyamara na haska shi a kujerar manya, ban taɓa sani ba.

Barista: Shi da abokinsa David Gold, wanda ya rasu a Janairun 2023. Da kuɗin mujallu da shaguna suka sayi Birmingham City a 1993, suka koma West Ham a 2010. Sullivan ya taɓa yin kwana 71 a kurkuku a 1982 kan zargin cin kuɗin karuwanci, ya ɗaukaka ƙara aka sake shi. Akwai kuma Richard Desmond, wanda ya tashi daga irin waɗannan mujallu da tashar talabijin ya sayi jaridar Daily Express a 2000, daga baya har da tashar Channel 5. Amma Hajiya, don adalci, akwai macen da ta yi kuɗi: Jacqueline Gold, 'yar David Gold. Ita ta karɓi shagunan Ann Summers, daga 1981 ta ɓullo da taron mata zalla a cikin gidaje ana tallar kaya, ta fitar da kamfanin daga lungu zuwa manyan tituna.

Maman Hanifa: 'Yar mai gida ce, Barista. Ita ba a ɗauki hotonta ba. Ka kawo mini wadda aka ɗauka hoto kuma ta mutu da gini a Soho.

Barista: Wannan kam ba ni da ita.

Kawu Direba: Ni ba karatu na yi a kai ba, da idona na gani. Farkon zuwana ƙasar nan, ƙarshen shekarun 1990, na yi aiki a wani ƙaramin shagon jarida. Ƙarfe biyar na asuba ake sauke ɗaurin jaridu a bakin ƙofa, sanyi na yanka hannu, in yanke igiya in jera. Mujallun nan kuwa a kanta ta can sama ake sa su, inda hannun yaro ba ya kai, sai na taka akwatin madara nake isa. Mai shagon ya ce in riƙa jera su yadda suna kawai zai fito. Mai saye yakan jira shago ya yi shiru, ya ɗauko ya cusa tsakiyar jarida, ya ajiye kuɗi bai kalle ni ba. Wani ma ba ya jiran canji. Na fi wata shida ina wannan aiki da alwalar asuba a jikina, raina na ƙuna, har Allah ya ba ni tuƙi na bari. Amma abin da nake tunawa yau shi ne akwai tsayin kanta, akwai idon mai shago, akwai kunyar mai saye. Abu uku ke tsakanin yaro da kayan nan. Yanzu duk babu.

Malam Na-Zariya: Allah ya saka da alheri Kawu. Wannan magana ta shige ni. To ina hukuma take duk wannan lokaci?

Baban Sadiq: Malam, nan ne labarin ya fi ɗaci. A Scotland Yard, hedkwatar 'yan sandan Landan, akwai sashe na musamman mai yaƙi da batsa. Daga shekarun 1960 zuwa farkon 1970 sashen nan da kansa ya koma mai ba da izini. Kana son buɗe shago a Soho, ka biya su kuɗin shiga, sannan ka riƙa ba da na wata-wata. In za a kai samame a sanar da kai ka ɓoye kaya masu tsada. Wanda bai biya ba a kwashe nasa, a sayar wa wanda ya biya.

Asiri ya fara tonuwa a 1972 da jaridar Sunday People ta bayyana cewa kwamandan wata babbar runduna, Ken Drury, ya tafi hutu Saifurus tare da wani dillalin batsa, Jimmy Humphreys. Shi Humphreys ashe yana da littafin da yake rubuta duk jami'in da ya ci abinci da shi. Da aka ɗaure shi kan wani laifi daban, ya ga waɗanda ya ciyar ba su cece shi ba, sai ya buɗe baki. A 1977 aka ɗaure shugaban sashen, Bill Moody, shekara 12, aka ɗaure Drury shekara 8. Kwamanda Wally Virgo ma an ba shi 12, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke nasa. Kwamishina Robert Mark, wanda ya zo a 1972 da niyyar share gidan, jami'ai fiye da 400 ne suka bar aiki a zamaninsa.

Ɗan Sabon Gari: To ai kun gama ba ni amsa. Hani ne ya sa kayan tsada, tsada ta kawo cin hanci. Denmak ta halatta hotunan tun 1969, Birtaniya ta tsaya tana kame, ribar ta tafi aljihun 'yan sanda da su Raymond. Doka ba ta taɓa hana komai ba.

Barista: A'a, ka yi gaggawa. Akwai dokar da ta yi aiki. Ta 1981 ta hana baje hotuna a tagar shago. Ta 1982 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da lasisi da ƙayyade yawan shaguna, hukumar Westminster, wadda Soho ke ƙarƙashinta, ta yi amfani da ita, shagunan Soho suka ragu ƙwarai cikin 'yan shekaru. Da kaset ɗin bidiyo ya shigo gidaje, dokar 1984 ta ce kowane kaset sai hukumar tace finafinai ta BBFC ta sa masa lamba, masu lambar R18 kuma a shago mai lasisi kawai za a sayar, ba a aikawa ta gidan waya. Bambancin shi ne a nan an fayyace abin da aka yarda da wanda ba a yarda ba, ba a bar wa ɗan sanda ya yanke a bayan shago ba. Inda aka yi rashin sa'a shi ne lokaci. Sai a 2000 babbar kotu ta warware takaddamar abin da R18 zai iya ƙunsa, lokacin kuwa intanet ta riga ta shiga gida.

Ɗan Sabon Gari: Kenan sun gina katanga ɓarawo ya riga ya shiga ɗaki.

Barista: A kan kaset, haka ne. Amma dokar kare yara ta 1978 fa? Ko ta 2008 da ta haramta mallakar hotunan azabtarwa, wadda wata uwa ta yi ta fafutuka a kai bayan an kashe 'yarta Jane Longhurst a 2003? Za ka ce a soke su don ana karya su?

Ɗan Sabon Gari: Waɗannan ban ce ba.

Anti Nas: Ina karantawa tun ɗazu daga wurin aiki. Akwai abin da ba a taɓo ba. OnlyFans, shafin da mutum ke sayar da hotunansa kai tsaye ga masu biyan kuɗi, kamfanin Landan ne, Tim Stokely ya kafa shi a 2016. Kamfanin na ɗaukar kashi 20, mai hoto ta riƙe 80. A shekarar 2023 kaɗai masu kallo sun biya sama da dala biliyan 6. Wasu a nan suna cewa wannan ne karon farko da mace ta kori dillali ta riƙe kuɗinta. Ba goyon baya nake yi ba, amma Maman Hanifa, ba amsar tambayarki ba ce?

Maman Hanifa: 'Yar'uwa, na yi tunanin wannan. Raymond haya yake karɓa, wannan ma haya ce, ɗakin ne ya koma cikin waya. Wanda ya sayi mafi yawan kamfanin a 2018, Leonid Radvinsky, ya kwashi ɗaruruwan miliyoyin daloli ba tare da an ga ko gwiwar hannunsa ba. 'Yan kaɗan na sama ne ake nunawa a jarida, sauran tarin suna samun abin da bai taka kara ya karya ba, hoton kuma ya fita har abada. Ki tuna Agustan 2021: kamfanin ya wayi gari ya ce zai hana irin wannan kaya saboda matsin bankuna, bai cika mako ba ya janye. A 'yan kwanakin nan matan suka gane ɗakin ba nasu ba ne.

Anti Nas: Na yarda da rabin maganarki. Rabin da ya rage, na ga matan da talauci ya kai su can, kuma ba zan iya zaginsu ba.

Maman Hanifa: Ni ma ba su nake zagi ba.

Malam Na-Zariya: Da farko na ƙi batun, yanzu ina da tambaya. Sabuwar dokar nan, tana kare yaro ko ba ta karewa?

Baban Sadiq: Tana rage faɗawa cikin abin ba da niyya ba, Malam. Wanda ya nufa kuwa yana zagayewa. A makon da ta fara aiki, manhajojin VPN, waɗanda ke sa waya ta nuna kamar a wata ƙasa take, su suka hau saman jerin abin da ake saukewa a Birtaniya. An ma taɓa yin irin dokar a 2017, gwamnati ta jingine ta a 2019 ba a fara ba.

Maman Hanifa: Kwamishinar kula da yara ta Ingila ta fitar da rahoto a Janairun 2023: a matsakaici yaro na fara ganin batsa yana shekara 13, kashi 27 sun gani kafin su wuce 11, ɗaya cikin goma tun yana 9. Da yawansu kuma ba a shafukan batsa suka gani ba, a dandalin sada zumunta ne. Ranar da na karanta, autana yana da shekara 10. Da daddare na ɗauki kwamfutar hannunsa na zauna a kicin ina duba tarihin bincike, hannuna na rawa. Ban sami komai ba sai ƙwallo da wasan mota. Duk da haka washegari na sa babansa ya zauna da shi, don na gane in ba mu fara yi masa maganar ba, wani a makaranta zai fara. Tun daga nan waya a falo take kwana.

Kawu Direba: Hajiya, babansa da wace kalma ya fara? Nawa shekararsa 12, sau uku ina kiran sa ɗaki in kasa.

Maman Hanifa: Tambaya ya yi masa, Kawu, ba wa'azi ba. Ya ce, akwai abin da abokanka suka taɓa nuna maka a waya da ya sa ka ji ba daɗi? Yaron ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce akwai.